Ku Tambaya Mu Amsa: Adana Tarihin Tsoffin Unguwannin Birni

Wasiƙun da suka taru mana a 'yan makonnin nan kusan duk bakinsu ɗaya: yadda za a ceto tarihin tsoffin unguwanni, musamman na Kano, inda kullum ake rushe soron ƙasa a tayar da shaguna. Mun kai su gaban masu aikin adana tsoffin takardu da malaman tarihi da magina, ga abin da suka ce. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a Fagge, muna da ƙungiyar taimakon kai da kai. Muna son tattara tarihin unguwarmu, amma wasu sun ce a fara da laburare, wasu sun ce a buɗe shafi a Facebook. Ina ne mafari? Daga sakataren ƙungiya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, samari. Littafin da ke laburare zai jira ku har baɗi, tsoho kuwa ana iya wayar gari babu shi. Ku ɗauki takarda ɗaya ku rubuta dattawa 15 zuwa 20, ku jera su bisa tsufa da halin lafiya, ba bisa matsayi ba. Wanda ya haura 80 ko yake jinya, shi ne na wannan makon.

Kafin ku yi sallama a gidan kowa, ku je ku gaida mai unguwa da liman, ku faɗa musu nufinku. In aka ga yara suna shiga gidaje da abin ɗaukar magana ba tare da sanin manya ba, zargin farko shi ne maganar fili ko siyasa, kuma da zarar ya shiga, bakuna sun rufe ke nan.

Inda masu farawa suka fi tuntuɓe shi ne tsayawa kan masu sarauta da malamai kawai. Su suna da salsala, sun kuma iya jero ta. Amma wa ya auri wa, wane gida aka raba gado ya koma uku, wace rijiya aka cike, wannan sai wanzami da ungozoma da dillaliya da tsohon maroƙi da magini. Rabin jerinku ya zama mata. Tsohuwar da ta shekara 60 a cikin gida tana ɗora wa yara talla ta san unguwa lungu-lungu fiye da mijinta da ke wuni a kasuwa. Mace ce kuma za ta zauna da ita a tabarma ɗaya, ba namiji daga bayan labule ba.

Ku raba tarihin Fagge gida uku: lokacin da take zangon ayarin raƙuma a wajen ganuwa, lokacin jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911 aka fara jigila a 1912, da cinikin gyaɗa da zuwan Kwara, wato 'yan kasuwar Lebanon da Siriya, sai lokacin da Kantin Kwari ya fara cinye gidajen zama. Na farko sai abin da aka gada a baki da takarda. Na biyu akwai waɗanda suka ji daga iyayensu. Na uku masu shi suna nan da ransu, kuma shi aka fi rainawa don ana ganin jiya-jiya ne. Shafin Facebook ya dakata sai kun sami abin zubawa.

Tambaya: Ba mu da kuɗin rikoda. Waya za ta wadatar? Daga wani malamin firamare, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Za ta wadatar, Malam, in aka kiyaye 'yan abubuwa. Ka sa manhajar ɗaukar murya da ke ajiyewa a tsarin WAV, ka saita ta a kilohaz 48. Hirar awa ɗaya takan ci kusan megabait 350, don haka ka duba sararin wayar tun daga gida. Ka rufe layi gaba ɗaya, domin kira ɗaya ya isa ya yanke hirar ba ka sani ba. Kar ka riƙe wayar a hannu, kar ka ɗora ta a faranti ko tebur. Ka ninke zane ka ɗora ta kai, kamar kamu ɗaya daga bakin mai magana. A kashe fanka, a nisanci janareto da injin markaɗe. Ka ɗauki rabin minti na gwaji ka saurara da abin kunne kafin a shiga zance.

Farkon kowace hira ka faɗi rana da wata da shekara, da unguwa, da sunanka, sannan dattijon ya faɗi sunansa da laƙabinsa da sunan mahaifinsa da sana'arsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya yarda a ɗauka. Hantsi ya fi, ko bayan la'asar. Kar a wuce awa ɗaya da rabi. Gara ka koma sau uku, don zuwan farko yawanci gaisuwa ce da labarin da ya saba ba kowa. A zuwa na biyu ake buɗe ciki.

Yadda ka yi tambaya shi ne rabin aikin. In ka ce, "Baba, ashe kakanku ne ya kafa unguwar nan?" zai ce e, ko don kar ya gwale ka. Ka ce, "Baba, da kuka taso, su wa kuka tarar a gidan nan?" Bayan kowane labari mai nauyi kuma ka bi da wannan: "Kun gani da idonku, ko faɗa muku aka yi? Wa ya faɗa muku?" Ita ce tambayar da ke raba tarihi da hirar dandali. Ka ɗauki mutum ɗaya-ɗaya, saboda a majalisa babba ne ke magana, saura sai "haka ne, haka aka yi". Goro ko turare ladabi ne, a kai. Amma ranar da aka fara yanka wa labari farashi, labari zai fara tsawo.

A daren da aka yi hirar a kwafe ta wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya na waje, da wani wuri da ba a gidan ba, ko intanet ko gidan ɗan ƙungiya a wata unguwa. Filashi ba ma'aji ba ne, abin ɗauka ne daga nan zuwa can. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan unguwa da mai magana. Mayar da hirar awa ɗaya rubutu yakan ci awa 6 zuwa 8. A rubuta yadda tsohon ya faɗa, kar a gyara masa Hausa, don tsohuwar kalma ita ma kayan tarihi ce. In babu lokaci, aƙalla a rubuta abin da aka tattauna a kowane minti biyar.

Tambaya: Kakata tana da labari cike da baki, amma ko shekara ɗaya ba ta riƙe ba. Komai "tun muna yara" ne. Yaya zan sa wa labarinta lokaci? Daga wata ɗaliba, Gwale.

Amsa: Kar ki tambaye ta shekara, Malama, ki tambaye ta sarki. Mutanen da da sarauta da manyan al'amura suke ƙirga. Ki haddace wannan jerin sarakunan Kano: Abbas 1903 zuwa 1919, Usman 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953, Muhammadu Sanusi 1953 zuwa 1963, Muhammadu Inuwa 'yan watanni a 1963, sai Ado Bayero 1963 zuwa 2014. Zamanin Ado ya yi tsawo, shekara 51, saboda haka sai an ƙara da wasu turaku: gobarar sinimar El-Duniya a 1951, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, kisan Sardauna a Janairun 1966, mulkin Audu Bako daga 1967 zuwa 1975, komawa tuƙin hannun dama a 1972, kisan Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980, rasuwar Malam Aminu Kano a 1983, faɗuwar jirgin sama a Gwammaja a 2002. Abin da ta ji daga mahaifiyarta kuma ana iya jingina shi da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko saukar jirgin sama na farko a Kano a 1925.

Mata da haihuwa suke riƙe lokaci. Ki ce, "Hajiya, ranar da aka kashe Murtala goyon wa kuke yi?" In kin san shekarar haihuwar ɗa guda, sai ki yi sama ki yi ƙasa, kina barin shekara biyu zuwa uku tsakanin 'ya'ya. Abin da kika samu ki rubuta shi da gaskiyarsa: "tsakanin 1970 da 1973", ko "wajen 1956". Kar ki zaɓi shekara ɗaya don ta fi kyau a takarda.

Akwai tarko. "Canjin kuɗi" ba ɗaya ba ne: akwai na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, akwai na 1984 da aka sauya launin takardun kuɗi. Ki tambaye ta wanne. Sarki Abdullahi ma biyu ne a bakin tsoffi, Maje Karofi na ƙarni na 19 da Bayero, haka nan Sanusi biyu ne.

Tambaya: Dattawa biyu sun ba ni labarin kafuwar unguwarmu, kowa da nasa, kuma kowa ya ce ɗayan bai san komai ba. Na wa zan rubuta? Daga wani mai karatu, cikin birni.

Amsa: Duka biyun, kowanne da sunan mai shi da wanda ya ji a wurinsa. Ba kai ne farkon shiga wannan ba. Tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Wani rubutun Larabci kan asalin Wangarawan, na wajen 1650, ya kai zuwan jagoransu Abdurrahman Zaite zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Tsakani akwai kusan shekara ɗari, kuma masu rubuta tarihin unguwar Madabo, mazaunin Wangarawan, har yau da duka biyun suke aiki.

Abin da za ka iya yi shi ne aunawa. Wa zai ci riba in aka yarda da labarin, limanci ko sarautar unguwa ko fili? Shin mutum uku da suka faɗi abu ɗaya daga bakuna uku suka ji, ko duk daga tsoho ɗaya? Sannan ka ƙirga salsala, kana ba kowane kaka shekara 25 zuwa 30. Wanda ya ce kakansu ya zo zamanin Rumfa amma ya jero suna bakwai kacal, lissafinsa ya tsaya wajen zamanin jihadi. Ba lalle ƙarya ya yi ba. Sunayen tsakiya ne suke zubewa, a riƙe na farko da na kusa.

Ka yi hattara da fassarar sunan unguwa. Wasu a fili suke, irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Soron Ɗinki. Wasu kuwa ma'anar ta juya: Turawan Dandalin Turawa Larabawan arewacin Afirka ne, ba Nasara ba, kuma Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ta fito. Duk sunan da aka ce maka ya samo asali ne daga wata magana da wani sarki ya faɗa yana wucewa, ka rubuta shi, amma ka sa masa "an ce".

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar adaka cike da takardun ajami da na Larabci da wasiƙu. Wasu gara ta taɓa, wasu sun manne. Ƙanena ya ce a kai a yi musu laminatin. Daga wata Hajiya, Yakasai.

Amsa: Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Hajiya, ki hana ƙanenki. Laminatin zafi ne da gam, yana shiga jikin takarda, ba ya fita, kuma tawadar gargajiya takan narke ko ta dushe a ciki. Haka salatif: bayan 'yan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa har bayan shafi. Ƙusar matse takarda da roba mai ɗaurewa su ma a cire, ɗaya tsatsa take yi, ɗaya narkewa.

Abu na farko, kar a sauya jeri. Littattafanmu na da ba ɗinka su ake yi ba, warwara suke a cikin tadarishi da gafaka, kuma babu lambar shafi. Abin da ke haɗa su shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. In yara suka zazzage su a tabarma, littafi biyar sun zama tari ɗaya. A fito da ƙunshi ɗaya-ɗaya, da hannu wankakke busasshe, a sa wa kowace takarda lamba ƙarama da fensir mai laushi a kusurwa, ban da biro. A ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, har da wanda babu rubutu, har da gefe, don a nan malamai ke rubuta haihuwa da rasuwa da bashi da sunan wanda ya ari littafi. Sau da yawa tarihin unguwa a gefen shafi yake, ba a tsakiya ba.

Waɗanda suka manne kar a ɓamɓare su da ƙarfi. Tawadar gawayi da ƙaro ake haɗa ta, in ta ji laima sai ƙaron ya zama gam. Ja ɗaya zai kwashe rubutun. A ajiye su gefe sai mai gyaran takardu ya gani. Wata tawadar kuma, ta bagaruwa da ƙarfe, cin takarda take yi har haruffa su huje. Irin wannan a fara ɗaukar hotonta, a rage taɓa ta. Mai fumfuna a shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, in ta bushe a share da burushi mai laushi a waje, da takunkumi a fuska. In ruwa ya taɓa takardu, kwana biyu kawai ake da su kafin fumfuna ta kama: a baza, a sa farar takarda tsakani ana sauyawa, a kunna fanka.

Wajen ajiya, a naɗe kowane ƙunshi da farar takarda ko farin ƙyalle wankakke, ban da jarida, ban da leda, don leda tana kulle danshi a damina. Adakar ƙarfe ta fi, a ɗora ta kan bulo, aƙalla taki ɗaya daga ƙasa, taki ɗaya daga bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Kar a fesa fiya-fiya ko kananzir a kai. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle a ƙyalle yana rage ƙwari, amma ba ya tare gara. Maganin gara shi ne nisa da ƙasa da yawan dubawa, kowane wata daga Yuli zuwa Satumba. Da hunturu kuma takarda takan bushe ta yi ƙamas, a nan ne ninki ke karyewa, sai a rage buɗe ta.

Don gane shekaru, a duba ƙarshen rubutu. In an sa shekarar Hijira, a ninka da 0.97 a ƙara 622: 1350 za ta ba da 1931. Ana iya samun saɓanin shekara ɗaya, domin shekarun biyu ba rana ɗaya suke farawa ba. In da ramzi aka rubuta, wato haruffa a madadin lambobi, a tuna lissafin Magariba malamanmu ke bi, inda shinun take 1000, sinun 300; wanda ya bi lissafin gabas zai ɓata. A ɗaga takardar a haske kuma: in an ga jinjirin wata uku a jikinta, takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Sahara, wadda ta yi yawa a ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Alama ce, ba hujja ba, don takarda kan shekara da shekaru kafin a yi rubutu a kanta.

Abu na ƙarshe, Hajiya: kar a ba kowa aron asali, ko wane ne. Mai so ya zo ya ɗauki hoto a zaure.

Tambaya: Tsohon hoton kakanmu ya manne da gilashin firam. Yaya za a cire? Daga Koki.

Amsa: Ba a cirewa. Fuskar hoton ce ta manne, in ka ja za ta zauna a gilashi. A ɗauki hotonsa yadda yake, a inuwa da rana, ba walƙiyar kyamara, wayar tana daidai saitin hoton ba a karkace ba. In gilashin yana nuna inuwarka, ka rataya baƙin zane a bayanka. Sauran hotuna a yi musu sikanin a ɗigo 600 kowane inci, a ajiye a tsarin TIFF, a ɗauki bayansu ma, don hatimin mai hoto yakan nuna shago da titi. Kar a tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. A tura a matsayin fayil. Kuma tun mai gane fuskokin yana raye a zauna da shi a rubuta sunaye daga hagu zuwa dama. Manhajojin nan masu sa wa tsohon hoto launi da gyara fuska ƙirƙira suke yi. In an yi don nishaɗi, a ajiye na asali daban.

Tambaya: Muna da kaset-kaset na wa'azi da na biki tun shekarun 1980. Daga Zangon Kumasi.

Amsa: Ku gaggauta, don rikodar da za ta juya su ta fi su saurin ƙarewa. A karya 'yan haƙoran da ke saman kaset don kar a goge shi bisa kuskure. A duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zare, in ya faɗi murya ba za ta fita sosai ba, sai a mayar da zaren cikin wani gidan kaset mai kusoshi. A zagaya shi gaba da baya sau ɗaya kafin a kunna, a goge kan rikoda da sifirit, a gwada ta da kaset marar amfani tukuna ko tana cin zare. A haɗa ta da kwamfuta da igiya, ba a kara waya a bakin lasifika ba. Mai fumfuna kar a kunna shi, zai shafa wa saura.

Tambaya: Magada sun sayar da gidanmu na gado, wata mai zuwa za a rushe. Zauren ɗaurin guga ne. Me za mu iya ceto? Daga wani ɗan gidan.

Amsa: Yini biyu sun isa, Malam, in an tsara. Ka fara da bidiyo ɗaya ba yankewa, daga titi ka shiga zaure, shigifa, tsakar gida, ɗaki-ɗaki, tare da mafi tsufan gidan yana faɗin wa ya zauna a ina. Sannan hotuna: fuskar gidan da maƙwabtansa, kowane bango a miƙe, rufin daga ƙasa kana kwance a tsakiyar zaure, zankwaye, indararo, zanen dagi, ƙyauren ƙofa. A kowane hoto a jingina sanda mai tsawon mita ɗaya don a gane girma. Ka auna tsawo da faɗi da tsayin kowane ɗaki da kaurin bango, ka zana a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, ka nuna gabas, ka ɗauki lambar wurin a taswirar waya.

Ranar rushewa ka je. A ranar ake ganin abin da yaɓe ya rufe: yadda aka jera tubali, yadda aka ɗaura azara hawa-hawa ta zama baka. Azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kusan mita biyu, shi ya sa duk faɗin da ya wuce haka sai da dabarar magini, kuma dabarar ce abin ɗauka. Ka kira tsohon magini ya faɗi sunan kowane sashe. Ka roƙi ƙyaure da azara biyu-uku ka ajiye.

Ga masu gidan da bai kai ga haka ba: kar a shafe bangon ƙasa da siminti. Danshi yake kullewa a ciki, bangon ya ruɓe, wata rana simintin ya zubo gaba ɗaya. Yaɓe kafin damina da gyaran indararo su ne suka riƙe gidajen nan tun fil azal.

Tambaya: Ban da bakin dattawa, ina ake samun rubutaccen abu kan unguwa? Daga wani ɗalibin jami'a.

Amsa: A Kano ka fara da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da kundayen kammala digiri na sashen tarihi a Jami'ar Bayero, inda ɗalibai da dama suka rubuta kan unguwanninsu suka yi hira da tsoffin da yanzu ba su. Na siyasar NEPU ka leƙa Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano, a Gwammaja. A Kaduna akwai ma'ajiyar takardu ta ƙasa, inda fayilolin lardin Kano suke, da Arewa House da aka kafa a 1970. Ka nemi rahotannin haraji, da littattafan shari'a na alƙalai, don ƙarar gado da iyaka tana ambaton maƙwabta da suna, da tsoffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara a 1939. Barth, matafiyi ɗan Jamus da ya zo Kano a 1851, ya zana taswirar birnin ya jero unguwanni. Ka nemi kowane suna da rubutu iri-iri, don Bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma kar ka ɗauki ƙidayar haraji a matsayin yawan jama'a; mutane ɓuya suke yi. Google Earth na kwamfuta yana nuna hotunan sama na shekarun baya, a nan za ka ga kududdufan da aka cike da inda aka ci ganuwa.

Tambaya: Mun tara hira 30 da hotuna masu yawa. Yaya za mu fitar da su ba tare da mun jawo rigima ba? A ciki akwai maganar asalin wasu gidaje. Daga shugaban wata ƙungiyar unguwa.

Amsa: Sannunku da aiki, shugaba. Ku raba kayan kashi uku tun yanzu: wanda kowa zai gani, wanda sai mai bincike da izini, da wanda za a rufe sai bayan wasu shekaru da za ku rubuta. Maganar bauta a asalin gida, da rikicin sarauta ko limanci, da abin da ya shafi aure da nasaba, su shiga na biyu ko na uku. Ba gogewa za a yi ba, tarihi ne. Amma zance ɗaya a Facebook yana iya fasa baikon jikar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Yardar da tsoho ya bayar a ɗauki muryarsa ba ita ce yardar a watsa ta ba, sai an koma an tambaya, in ya rasu a tambayi magada. Takardun gida da na gona kuwa kar a sa su a intanet ko kusa, masu haɗa na jabu suna nema.

Masu unguwa su fara gani. Kowane gida a ba shi kwafin hirar tsohonsa. A wanke hotuna 20 zuwa 30 manya, a kafa su a makarantar firamare ko wani babban zaure a makon Sallah lokacin da na nesa suka dawo, a ajiye takarda da biro ƙarƙashin kowanne. Za ku sha mamakin sunayen da za a cike muku da kurakuran da za a gyara. Yawancin tsoffi ba boko suke karantawa ba, don haka a yanka hirarraki minti uku zuwa biyar a tura ta waya, a kai wa gidan rediyo, in an buga ɗan littafi a sa ajami a gefe.

Duk hoton da zai fita, a rubuta bayaninsa a jikinsa ta ƙasa: wuri, lokaci, gidan da ya bayar. Bayanin da aka rubuta daban a turawa ta biyu yake faɗuwa, shi ya sa ake ganin hoto ɗaya yau an ce Kano ne, gobe an ce Katsina. Wikipedia ta Hausa ba ta karɓar hirar baka sai abin da aka riga aka wallafa, saboda haka littafin ya riga ta. Hoton da aka ɗora a Wikimedia Commons kuma an ba duniya izinin amfani da shi ke nan, ba a janyewa, sai mai shi ya fahimci haka kafin ya yarda.

Kwafi ɗaya cikakke a kai wata jami'a ko hukumar tarihi, da yarjejeniya a rubuce cewa mallaka tana hannun masu kayan, da jerin abin da aka rufe da ranar buɗe shi. In takardun suna da yawa kuma suna cikin haɗari, Laburaren Birtaniya yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton irinsu tun 2004, kuma sharaɗinsa asali ya zauna a ƙasarsa. A ƙungiya kuma mutum biyu aƙalla su san kalmar sirrin ma'ajin intanet, a rubuta ta a ambulan a ba ma'aji, a kuma sauya faifan ajiya duk shekara huɗu ko biyar.